Me ya sa lissafi yake kayar da ɗalibai a ƙofar jami'a?

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan yi guɗa a gidaje da dama, tun daga Yamai har Damagaram. Yaro ya gama lise, ya ci lissafi da maki mai kyau, an haɗa masa guzuri ya nufi jami'a. Kafin shekara ta zagayo sai labari ya iso gida cewa lissafin da ya fi kowa iyawa, shi ne ya kayar da shi. Daga nan sai neman mai laifi ya tashi. Iyaye su ce yaron wasa ya sa gaba da ya shiga birni. Malaman jami'a su ce lise ba ta shirya shi ba. Malaman lise su tura laifin ga kwaleji, na kwaleji kuma su tura shi ga lakol ta firamare.

Wannan damuwa ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. Ana kuka da ita a Faransa da Ingila da Amurka, inda kuɗi da littattafai ba su yi ƙaranci ba. Saboda haka ne yau fiye da shekara 50 wasu masana suka mai da ita abin bincike, suka shiga azuzuwa suna kallo, suna yi wa ɗalibai tambayoyi, suna duba takardun jarrabawa, don su gane inda gizo yake saƙa. Abin da suka gano ya shafe mu, domin ƙasar da ba ta fitar da masu lissafi daga jami'o'inta ba, za ta rasa injiniyoyin gina madatsun ruwa da hanyoyi, ta rasa masu ƙididdigar jama'a da amfanin gona, ta kuma rasa malaman da za su koyar da ƴaƴanta a kwaleji da lise.

Tsohon ciwo ne

Tun a shekara ta 1908 wani babban masanin lissafi Bajamushe, Felix Klein, malami a jami'ar Göttingen, ya bayyana wannan ciwo. Ya ce ɗalibin da zai zama malamin lissafi yana faɗawa rami sau biyu. Ramin farko yana ƙofar shiga jami'a: ɗalibi ya tarar da lissafin da bai ga alaƙarsa da wanda ya koya a lise ba, sai ya manta da na lise. Rami na biyu yana ƙofar fita: idan ya gama ya koma lise da sunan malami, sai ya rasa yadda zai yi amfani da abin da ya koya a jami'a, ya ajiye shi gefe, ya koyar kamar yadda aka koyar da shi yana yaro. Ta haka ciwon yake gadon kansa daga tsara zuwa tsara.

A wannan shekara ta 1908 ne kuma aka kafa hukumar duniya mai kula da koyar da lissafi, wadda ake taƙaita sunanta da ICMI, a wurin taron masana lissafi a birnin Roma, kuma Klein ne shugabanta na farko.

A ƙasashen da ke karatu da Faransanci, binciken ya kankama ne sanadiyyar wani babban sauyi. A shekara ta 1967 gwamnatin Faransa ta naɗa kwamiti ƙarƙashin André Lichnerowicz don sake manhajar lissafi. Daga nan aka shigo da abin da aka kira lissafin zamani, kuma dattawanmu da suka yi lakol a shekarun 1970 ba su manta da zane-zanen da'ira na ansambul ba, domin sauyin ya iso har makarantun Afirka. Da yake malamai da yawa ba su san sabon lissafin ba, sai aka buɗe cibiyoyin bincike kan koyar da lissafi, masu suna IREM, na farko a Paris da Lyon da Strasbourg a shekara ta 1969, inda malaman jami'a da na lise suke zama tebur ɗaya. Lissafin zamani bai yi ƙarko ba, an janye yawancinsa a farkon shekarun 1980. Amma cibiyoyin sun rayu, kuma darasin da aka ɗauka mai girma ne: manyan masana sun san lissafi sarai, sai dai sanin abu daban, sanin yadda ɗan Adam yake koyonsa daban. Jami'ar Yamai ma ta samu cibiya irin wannan, haka nan ta Dakar.

Da farko masu bincike sun fi mai da hankali ga ƙananan yara. Daga shekarun 1980 ne suka juyo ga jami'a sosai. A shekara ta 1998 hukumar ICMI ta kira taro na musamman kan wannan batu a Singafo, aka buga sakamakonsa cikin littafi a shekara ta 2001.

Aiki da hujja

Abu na farko da binciken ya tabbatar shi ne, sunan darasin ɗaya ne a lise da jami'a, amma aikin da ake nema ga ɗalibi ya sake. A lise yawanci akan nuna hanya, a ba da misalai, ɗalibi ya bi hanyar ya fitar da amsa. A jami'a kuwa sai a ce masa: kafa hujja cewa wannan magana gaskiya ce ko yaushe, ba tare da togiya ba.

Ga misali da kowa zai iya bi. Lambar da ke rabuwa biyu daidai ita ce cika, kamar 4 ko 10. Wadda ke barin ɗaya ita ce mara, kamar 3 ko 7. Idan aka haɗa mara da mara, cika ake samu: 3 da 5 sun ba da 8, 7 da 9 sun ba da 16. Ɗalibai da yawa suna ganin idan sun kawo misali biyar ko goma, magana ta ƙare. Ga masanin lissafi kuwa ba a fara ba tukuna, domin lambobi ba su da ƙarshe, kuma ba mai iya gwada su duka. Ga yadda hujjar take: ka ɗauki tarin tsakuwa wanda adadinsa mara ne, ka jera su bibbiyu, ɗaya za ta rage. Ka yi haka da tari na biyu, nan ma ɗaya za ta rage. Ka haɗa ragowar nan biyu, sun zama bibbiyu su ma, babu sauran da ya rage. Wannan bayani ya hau kan kowane tari, ƙarami ko babba, shi ya sa ya zama hujja.

Mai karatu zai iya cewa wannan tsanani ya yi yawa. To, ga abin da ya sa ba a yarda da misali kaɗai. Akwai wani lissafi da aka san shi tun zamanin Leonhard Euler: ka ɗauki lamba, ka riɓanya ta da kanta, ka ƙara lambar, ka ƙara 41. Idan ka fara da 1 za ka samu 43, da 2 ka samu 47, da 3 ka samu 53. Duk waɗannan lambobi ne da ba su rabuwa sai da 1 ko da kansu. Haka abin zai yi ta tafiya har zuwa 39, ba kuskure ko ɗaya. Da ka iso 40 sai ka samu 1681, wanda shi ne 41 sau 41. Wanda ya gwada sau 39 ya rantse, ya yi rantsuwa a kan ƙarya.

A shekara ta 2001 wani mai bincike a Amurka, Keith Weber, ya ba ɗaliban jami'a da masu shirin digirin dakta tambayoyi iri ɗaya, ya ce su yi tunani da ƙarfi yana saurare. Ya tarar sau da yawa ƙananan ɗaliban sun san duk ƙa'idojin da ake bukata, sun haddace su, amma ba su san wadda za su ɗauko ba da lokacin ɗaukarta. Kamar mutum ne da aka ba shi kayan ƙira cikakku, ga uwar maƙera ga masaba ga zugazugi, amma bai taɓa zama kusa da maƙeri yana aiki ba. Wannan sani na zaɓen hanya, ba kasafai ake koyar da shi a fili ba.

Hoton da ke cikin kai

Abu na biyu ya fito ne daga aikin David Tall na jami'ar Warwick a Ingila da Shlomo Vinner, wanda suka buga a shekara ta 1981. Sun nuna cewa kowace kalmar lissafi tana da fuska biyu a wurin ɗalibi. Akwai ma'anar da aka ƙayyade a littafi, wadda yake haddacewa don jarrabawa. Akwai kuma hoton da ya ginu a cikin kansa daga misalan da ya saba gani. Idan aka ba shi aiki, da hoton yake aiki, ma'anar littafi tana can ajiye. Muddin hoton da ma'anar sun dace, ba a ganin matsala. Ran da suka saɓa, sai ɗalibi ya faɗi, shi da malaminsa su rasa dalili.

Shahararren misali shi ne wannan lamba: 0,999... wato sifiri, waƙafi, sai tara-tara ba iyaka. Shin ta kai 1 ko ba ta kai ba? An yi wa sababbin ɗaliban jami'a wannan tambaya a Warwick a ƙarshen shekarun 1970, an kuma sake yi a ƙasashe da yawa, kuma mafi yawansu sukan ce saura ƙiris ta kai. Alhali kuwa daidai take da 1. Kowa ya yarda ɗaya bisa uku shi ne 0,333... ba iyaka. Ka riɓanya ɓangarorin biyu da 3: a nan ka samu 1, a can ka samu 0,999... Ɗalibin yakan bi wannan bayani, ya kasa musunta shi, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin hoton da ke kansa na matafiyi ne da ke ta kusantar gari bai taɓa shiga ba.

A Grenoble ta Faransa, Bernard Cornu ya yi nazarin digirinsa na dakta a shekara ta 1983 kan kalmar da ake kira limit da Faransanci, wato iyakar da jerin lambobi ke dosa. Ya nuna ɗalibai suna shigowa aji da ma'anar kalmar ta yau da kullum: wasu suna ɗaukarta shinge ne da ba a ƙetarewa, wasu kuma wuri ne da ba a taɓa isa. Waɗannan ma'anoni ba su gushewa don malami ya rubuta sabuwa a allo. Suna nan a ɓoye, suna fitowa ranar jarrabawa.

Kada a ga laifin ɗalibai da sauri. Newton da Leibniz sun ƙago wannan fanni na lissafi a ƙarshen ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19, ta hannun Cauchy wanda ya buga littafinsa a shekara ta 1821, da Weierstrass a bayansa, aka samu tsayayyar ma'anar da ake koyarwa. Abin da ya ci wa manyan masana fiye da shekara 150, shi ake ba ɗan shekara 19 cikin mako ɗaya ko biyu. Shawarar masu bincike ita ce malami ya fara tono hoton da ke kan ɗalibi, ya kawo masa misalan da za su ci karo da hoton, har ɗalibin ya ji da kansa cewa yana bukatar ma'ana mai kaifi.

Shekarun mai jirgi

Abu na uku ya shafi zaman malami da ɗalibi. A shekara ta 1980 cibiyar IREM ta Grenoble ta ba da labarin wani gwaji da ta yi da yara ƴan firamare 97. An ce musu: a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun mai jirgin nawa? Yara 76 suka ba da amsa da lambobin nan, galibi ta haɗa su su ce 36. Yaran ba wawaye ba ne. Sun dai koya daga zaman aji cewa duk tambayar da malami ya yi tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da ya bayar.

Guy Brousseau, wanda ya fara aiki yana malamin firamare, ya zama jigon wannan fanni a Faransa, ya kuma rasu a shekara ta 2024, ya kira irin wannan abu yarjejeniyar aji. Ba a rubuta ta, ba a faɗinta, amma kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke jira daga gare shi. A jami'a ma tana nan. Malami yana ba da darasi mai zurfi cike da hujjoji, amma da ya ga faɗuwa za ta yi yawa, sai ya shirya jarrabawa a kan ayyukan da ake yi da hadda. Ɗalibai kuwa sun fi kowa wayo a nan: sai su tattara tambayoyin shekarun baya, su haddace hanyoyin, su bar hujjojin. Kowa ya samu abin da yake so, ilimin ne kaɗai ya yi hasara. Darasin a bayyane yake: abin da jarrabawa ke tambaya, shi ɗalibi zai koya, ko da malami ya kwana yana wa'azin wani abu.

Abin da ke allo da abin da ke baki

Wasu masu bincike sun shiga manyan zaurukan darasi, irin waɗanda ɗalibanmu ke kira anfi. A shekara ta 2017 wata ƙungiya a Amurka ta buga sakamakon kwatanta abin da malaman lissafi suka faɗa da abin da ɗalibai suka rubuta. Sun tarar malamai suna rubuta ma'anoni da ƙa'idoji da hujjoji a allo, amma bayanin da ya fi tsada, wato dalilin da ya sa aka bi wannan hanya aka bar waccan, da baki kawai suke faɗinsa. Ɗalibai kuwa suna kwafe kusan duk abin da ke allo, abin da aka faɗa da baki kaɗan ƙwarai ke shiga littafinsu. Idan ɗalibi ya koma ɗaki da dare, ƙashi ne a gabansa, naman ya tafi da iska. Gyaran wannan ba ya cin ko dala: malami ya rubuta dalilin a allo, ya dakata kaɗan ɗalibai su kama.

A jami'ar Loughborough ta Ingila, Matthew Inglis da Lara Alcock sun yi amfani da na'urar da ke bin motsin ido a shekara ta 2012, don su ga yadda ake karanta hujja. Idon ɗalibai ya fi tsayawa a kan alamomi da lambobi. Idon ƙwararru kuwa yana kai da kawowa tsakanin layi da layi, yana neman abin da ya ɗaure wannan da wancan. Bayan shekara biyu sai suka gwada ba ɗalibai ɗan littafi mai ƴan shafuka, wanda ke koya musu su tsaya bayan kowane layi su tambayi kansu: me ya sa wannan ya zama gaskiya, kuma ina alaƙarsa da abin da ya gabata? Waɗanda suka samu wannan horo sun fi sauran fahimtar hujjoji, kuma amfanin bai gushe ba bayan makonni.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Wani bincike da ya yi suna shi ne na Uri Treisman a jami'ar Berkeley ta jihar Kalifoniya. An lura ɗalibai baƙaƙen fata suna faɗuwa da yawa a lissafin shekarar farko, ƴan asalin Sin kuwa suna ci. Da aka tambayi malamai dalili, sai suka ambaci talauci da rashin himma da raunin makarantun da suka fito da rashin goyon bayan iyaye. Treisman bai tsaya nan ba. A shekarun 1975 da 1976 ya bi ɗalibai 20 daga kowane ɓangare, ya ga yadda suke rayuwa da yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen fatan suna da himma, iyayensu kuma suna tsaye a kansu. Bambancin shi ne su kaɗai suke karatu, kowa ya rufe ɗakinsa. Ƴan Sin kuwa bayan kowa ya yi nasa, sai su taru da yamma, su duba aikin juna, su yi gardama, su gyara wa juna kuskure.

A shekara ta 1978 ya buɗe wani shiri inda ɗalibai ke zama ƙungiya-ƙungiya suna fama da tambayoyi masu wuya. Bai sauƙaƙa musu darasi ba, bai kuma kira shirin taimakon raunana ba. Faɗuwarsu ta ragu ƙwarai, har jami'o'i da dama a Amurka suka kwaikwayi tsarin.

A shekara ta 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi kan darussan kimiyya da injiniya da lissafi a jami'o'i. Sun tarar a azuzuwan da malami ke magana shi kaɗai daga farko har ƙarshe, wajen ɗalibai 34 cikin 100 suke faɗuwa. A azuzuwan da ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin darasi kuwa, wajen 22 cikin 100 ne. Ba a ce malami ya daina bayani ba. Abin da ake nufi shi ne ya riƙa yanke bayaninsa, ya jefa tambaya, ya bar kowa ya gwada, maƙwabci ya yi magana da maƙwabcinsa, sannan a ci gaba. Ana iya yin haka ko a zaure mai ɗaruruwan mutane.

Maganar harshe

Akwai wani fanni na binciken da ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibinmu yana tunani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko wani harshen gida, yana karatu da Faransanci, lissafi kuma yana da nasa harshe na uku wanda ya saɓa wa Faransancin titi. Viviane Durand-Guerrier ta jami'ar Montpellier, tare da masu bincike a Tunisiya da Kamaru, sun yi nazarin yadda ɗalibai ke kore magana. Ɗauki wannan jimla: Tous les élèves ne sont pas venus. Bafaranshe yakan nufi cewa wasu sun zo, wasu ba su zo ba. Amma ginin jimlar yana sa ɗalibai da yawa su fahimci cewa ba wanda ya zo. A lissafi kuwa tsakanin ma'anonin nan biyu akwai tazarar sama da ƙasa, domin misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe maganar da ta ce duka.

Abin lura shi ne Hausa ta raba su sarai. Bahaushe yana cewa "ba duka ɗalibai suka zo ba", yana kuma cewa "babu ɗalibin da ya zo", kuma ko yaro ba ya rikita su. Ashe harshen gida yana iya zama fitila ga ɗalibi, idan malami ya yarda a koma gare shi na ɗan lokaci don a warware ma'ana.

Haka kalmar "idan" take. Uba ya ce wa ɗansa: idan ka ci jarrabawa zan saya maka keke. Yaron ya fahimci idan bai ci ba babu keke. A lissafi ba a yarda da wannan juyi ba. Idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2, wannan gaskiya ne. Amma 6 ba ta rabuwa da 4, ga shi kuwa tana rabuwa da 2. Irin waɗannan ƙananan kalmomi suna kayar da ɗalibai fiye da manyan alamomi, ga shi ba kasafai ake ware musu darasi ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Marigayi Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun shekara ta 1992, ya yi kira a littafinsa kan ilimi a Afirka, na shekara ta 1964, da a ba harsunan gida matsayinsu a makaranta. A shekara ta 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Abin da ya rage gare mu

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a shekara ta 1971, ta zama jami'a a 1973. A shekara ta 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka samu nasu jami'o'i, a 2014 aka ƙara da Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ƙofofi sun yawaita, masu shiga sun ƙaru. Sauran aiki shi ne a tabbata wanda ya shiga ya fita da abin da ya je nema.

Yawancin binciken da muka ambata an yi shi ne a ƙasashe masu wadata, inda kowane ɗalibi ke da littafi da wurin zama. Ba za a kwashe shi a dasa a nan yadda yake ba, kamar yadda ba a shuka irin da bai san ƙasarmu ba sai an gwada shi a ƙaramar gona. Wannan ne ya sa ya kamata hukumomi su ɗauki binciken koyarwa da daraja, su ba malaman da ke yin sa lokaci da kayan aiki, su kuma lissafa musu shi wajen ƙarin girma. Ya kamata a san, jami'a bayan jami'a, ɗalibai nawa ke tsallake lissafin shekarar farko, kuma a wane babi ne suke tuntuɓe. Ya kamata malaman ajin ƙarshe na lise da na shekarar farko ta jami'a su riƙa zama tare, kowa ya ga takardun jarrabawar ɗan'uwansa, domin ramin da Klein ya ambata ba ya cikuwa daga gefe ɗaya. A ba darussan aikin aji, waɗanda ake kira TD, malamai isassu, domin a nan ne ɗalibi ke riƙe alli da hannunsa.

Ku kuma iyaye, musamman waɗanda suka koyi karatu da girma a azuzuwan yaƙi da jahilci, kun san da kanku cewa wuyar abu a farko ba alamar toshewar kai ba ce. Matar da ke juya farashi daga faran zuwa dala a kasuwa, ta ce 750 dala 150 ne tun kafin mai alƙalami ya buɗe littafi, shaida ce cewa basirar lissafi ba ta yi mana ƙaranci ba. Idan ɗanku ko ɗiyarku ta rubuto cewa lissafi ya yi tsauri, kada ku yi gaggawar yanke hukunci. Ku tambaye su da wa suke karatu, ku tambaye su ko suna zuwa wurin malami da abin da ya shige musu duhu.

Ku ɗalibai kuwa, ku nemi abokan karatu uku ko huɗu tun makon farko. Ku rubuta abin da malami ya faɗa da baki kamar yadda kuke rubuta na allo. Idan kun zo karanta hujja, kada ku wuce layi sai kun san abin da ya ɗaure shi da na samansa. Idan kalma ta rikita ku da Faransanci, ku juya ta zuwa harshenku ku gani ko za ta warware. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma ƙasa tana jiran ku.